Bulala Ukun Hamma

Sunansa na yanka Muhammadu Lawal, amma daga rugarsu da ke bayan duwatsun Roni har kasuwar Kazaure, Hamma kowa ke ce masa. Dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Idonsa na hagu a rufe yake, da wani tabo da ya taso daga gira ya gangaro kunci. In zai dubi mutum sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, shi ya sa baƙi ke zaton fushi yake yi da su.

A shekarar da aka sami mulkin kai ya rasa idon. Bayan girbi samarin Fulani suka taru a bayan kasuwar Gwiwa don shaɗi. Dokar shaɗi ba ta da wuyar ganewa. Saurayi zai tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙe madubi yana duban fuskarsa, abokin karawarsa ya zuba masa bulala a haƙarƙari. In ya motsa ko ya yamutsa fuska, ya ji kunya shi da danginsa. Bayan mako guda sai a juya: wanda ya yi duka ya tsaya, wanda aka daka ya rama, bulala daidai da bulala.

Abokin karawar Hamma shi ne Daudu, sa'ansa daga wata ruga ta wajen Gwiwa, wanda suka sha tafiya kiwo tare. Bulala ta farko da ta biyu suka sauka inda ya kamata. Ta uku ta tashi sama, bakinta ya tsiyaye wa Hamma ido. Bai motsa ba. Jini ya zubo har kan madubin, yana tsaye yana murmushi, sai da dattawa suka sauke masa hannu da kansu.

Ranar ramuwa ya zo da kansa a ɗaure da ƙyalle, riƙe da sabuwar tsumagiya. Ya jira tun hantsi har rana ta karkata. Daudu bai zo ba. Daga baya aka ji ya hau motar gyaɗa ya yi Kano, daga can kuma ba wanda ya san inda ya nufa.

Tsumagiyar tana nan. Reshen tsamiya ne, tsawon hannu da rabi, Hamma ya soke shi a jinkar ɗakinsa. Duk kaka sai ya sauko da ita ya shafe ta da man shanu don kada ta bushe ta karye. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Aka yi yaƙi aka gama. Fari ya zo ya kashe masa rabin garke. Aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, aka fara shimfiɗa kwalta da kuɗin mai. Shekara goma sha shida tsumagiya tana jinka. Bai ƙara shiga shaɗi ba, don a wurinsu wanda bai rama nasa ba har yanzu yana tsaye a fili.

Ƙaninsa Sama'ilu shi kaɗai aka kai boko a gidan, ya zama malamin firamare a Roni. Yana da wani littafin Turanci mai kauri wanda bangonsa ya yage, wani malaminsu Bature ne ya bar masa da zai koma gida. Labarin wata ƙasa ce da babu ita a duniya, mai sarakunanta da ƙattanta da tsuntsaye masu magana, har da harsunan da marubucin ya ƙaga mata. Duk Juma'a bayan la'asar Sama'ilu kan zo ruga a babur ɗinsa, ya zauna gindin gawo, ya karanta shafi a zuci sannan ya faɗe shi da Hausa. Hamma na nan, da yayarsu Adda Kaltume, wadda ta dawo gidan tun rasuwar mijinta, da maƙwabta huɗu ko biyar.

Sunayen littafin sun fi ƙarfin bakinsu, don haka suka raɗa nasu. Jarumin suka sa masa Mai Jan Mashi. Garinsa kuwa Birnin Ƙofa Tara, wanda wani mai gadi ya buɗe wa ƙattan toka ƙofarsa suka shiga suka hallaka kowa. Shekara ashirin jarumin yana yawo yana neman mai gadin nan.

Hamma na son labarin, amma ba ya son yadda ƙaninsa ke sa jarumin magana.

"Tsaya, Malam," ya ce wata Juma'a. "Haka ya ce wa ƙattan? 'Ina roƙonku ku ja da baya'? Wannan ai akawun asibiti ne yake gyara layi."

"Abin da ke rubuce ke nan, Hamma."

"To wanda ya rubuta bai taɓa tsayawa gaban ƙato ba."

Sai ya miƙe ya faɗi maganar da Fillanci, irin na kirarin samarin da, har tsikar jikin masu sauraro ta tashi. Sama'ilu ya gane rabi, rabin kuma ya wuce shi. Ya fito da fensir ya ce a maimaita masa.

"Allah sarki," in ji Adda, tana tankaɗe gero. "Boko ya lashe masa harshe, ya bar masa na mutanen Kano."

Wata Juma'a da safe, a ƙarshen damina, Arɗo Lauwali ya zo da kansa. Shi ne babban Fulanin yankin, kuma yana cikin dattawan da suka sauke wa Hamma hannu a Gwiwa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo nono, aka gaisa har aka tambayi shanu. Sama'ilu ma yana nan, don makaranta na hutu. Sannan Arɗo ya ajiye ludayi.

"Daudu ya dawo."

Adda ta daina abin da take yi.

"Ikko yake duk shekarun nan," in ji Arɗo. "Aikin sauke siminti daga jiragen ruwa. Ƙurar ta cinye masa ƙirji, ba za ka gane shi ba. Kwana goma ke nan yana ruga, ba mai cin abinci da shi a ƙwarya ɗaya. Ba mai kiran sunansa, Gudau suke ce masa, har 'ya'yan ƙannensa. Jiya ya zo ya durƙusa ya ce in faɗa maka, ranar kasuwar Gwiwa zai tsaya."

"Madalla," in ji Hamma.

"Muhammadu, mutumin nan ba shi da lafiya. Na zo in roƙe ka ka sassauta hannu."

"Baffa, Allah ya ƙara maka girma. Shi ya sassauta?"

"Kuma fuska ba wurin duka ba ce. Ka san doka."

"Na san ta. A fuskata aka rubuta ta."

Da Arɗo ya tafi, Hamma ya shiga ɗaki ya sauko da tsumagiya, ko da yake lokacin shafa mata mai bai yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana murza ta da man shanu a hankali, daga gindi zuwa baki. Adda ta zo ta tsaya a kansa.

"Ni na wanke jinin nan," ta ce. "Kwana arba'in ina dafa ganye ina gasa maka fuska, kana cizon zane don kada Inna ta ji ka yi ƙara. Ya ce hannunsa ne ya kuɓuce? To kai ma kana da hannu."

"Adda, ki ji tsoron Allah," in ji Sama'ilu.

"Kai kana Kazaure kana koyon abacada. Yi mini shiru."

Hankalin Sama'ilu ya tashi. Ya san ƙarfin hannun yayansa. In bai tsiyaye wa Daudu ido ba, zai iya karya masa ƙirjin da ya riga ya lalace, daga nan kuma sai 'yan sanda da kotu. Ya san kuma wa'azi ba zai shiga kunnen Hamma ba. Abu ɗaya kaɗai Hamma ke zama ya saurara har ƙarshe. Don haka da la'asar ta yi, ya buɗe littafin, ya tsallake shafi arba'in, ya sauka inda yake so.

Ya ba su labarin yadda Mai Jan Mashi ya hau wani dutsen gishiri inda ko ciyawa ba ta fita. A can ƙoli ya tarar da bukka, a cikinta ga mai gadin da ya buɗe ƙofa, ya tsufa, haƙora sun zube, yana lasar raɓa a kan duwatsu. Tsohon ya gane shi. Ya fito ya buɗe ƙirji ya ce a soke shi. Jarumin ya ɗaga mashi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya sauke.

"Ya tausaya masa," in ji Sama'ilu, yana jan kalmar a hankali kamar yadda yake yi a aji. "Duk ƙarfinsa, duk shekarun da ya yi yana nema, da ya ga halin da tsohon ke ciki sai tausayi ya kama shi. Marubucin ya ce wannan ya fi dukan yaƙoƙinsa."

"Tir," in ji Adda. "Ashe rago muke bi tun bara."

Sai Hamma ya yi dariya. Sun daɗe ba su ji dariyarsa haka ba, kuma ba ta yi daɗin ji ba.

"Rufe littafin, Malam."

"Saura kaɗan shafin ya ƙare, akwai dalilin da ya sa..."

"Rufe. Na ji abin da nake so." Ya juyo da kansa wajen yayarsa. "Adda, ba ki gane ba. Tsohon nan me ya roƙa? Mashi. In aka soke shi ya biya, ya huta, a ce mai gadi ya mutu a hannun jarumi. Sai aka hana shi. Aka bar shi a kan gishiri ya ci gaba da zama wanda ya buɗe ƙofa har ya mutu. Wallahi Baturen nan ya san mugunta."

"Ba haka ake nufi ba, Hamma."

"Me Daudu ya dawo nema? Lafiya? Akwai asibiti a Ikko. Sunansa ya dawo nema. In na dake shi uku ya tsaya, ya zama Daudu, a yi masa salla a ce namiji ya tafi. In na cire masa ido ma, sai a ce ya biya har da ƙari. To ba zan taɓa shi ba. Zan je, ya tuɓe riga gaban jama'a, in dube shi in ce na tausaya masa. Ya mutu yana Gudau."

Adda ta juya maganar a ranta. Can sai ta tafa hannu.

"Ɗan'uwana! Wannan ta fi ido."

Sama'ilu ya rufe littafin. Ya zo da ruwa don ya kashe wuta, ya ga ashe kananzir ya zuba.

Ranar kasuwar Gwiwa Adda ta yi sammako da masu tallan nono. Hamma ya hau bayan babur ɗin ƙaninsa, tsumagiya a kwance bisa cinyarsa. A wani rafi da ruwan damina bai gama janyewa ba suka sauka, suka naɗe wando, suna tura babur cikin yashi.

"Hamma, bari in ƙarasa maka shafin nan."

"Shafin da ka tsallake arba'in ka kai gare shi? Kana zaton ban ga kaurin da ke ƙarƙashin yatsanka ya canja ba? Ido ɗaya gare ni, ba makaho ba ne."

Sama'ilu ya ji kunya, amma ya ci gaba. "Da tsohon ya ce a soke shi, da harshen Birnin Ƙofa Tara ya faɗa. Shekara ashirin jarumin bai ji harshen garinsu a bakin kowa ba, don kowa ya mutu. Su biyu suka rage. In ya kashe shi, ba sauran wanda zai ce masa ko sannu da harshen uwarsa. Shi ya sa ya sauke mashin. Bai tafi ya bar shi ba ma. Ya zauna, yana ƙinsa, suna magana."

"Ni ina da masu yi mini Fillanci. Kai ne dai ba ka da shi. Tura babur."

A bayan kasuwa, gindin ɗorawoyin da aka yi shaɗin farko, jama'a sun yi da'ira. Labari ya kai har Babura, don haka an zo da yawa: dattawa da sandunansu, mata da ƙoren nono, samari masu wando mai faɗin ƙafa da rediyo a kafaɗa, waɗanda yawancinsu ba su taɓa tsayawa shaɗi ba. Hausawan kasuwa ma sun bar rumfunansu sun zo kallo. Makaɗa biyu suna ta kiɗa.

Daudu ya shigo fili. Hamma ya juyo da kansa ya dube shi da kyau. Saurayin da ya sani mai faɗin kafaɗa ne, mai gashi a kitse. Wannan kuwa tsoho ne tun bai kai arba'in ba. Da ya tuɓe riga ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙe wani ɗan madubi mai bayan gwangwani, ya kafa ƙafa.

Hamma ya zagaya shi sau ɗaya, a hankali, yana jan bakin tsumagiya a ƙasa. Ya sake zagayawa. Ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya. Sai ya yi magana da ƙarfi, kuma da Hausa ya yi ta, yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba, don 'yan kasuwa ma su ji.

"Bawan Allah, sa rigarka. Ni ba na dukan marar lafiya. Na tausaya maka. Je ka nemi magani."

Ya juya ya fita daga da'irar, ya sami inuwa ya zauna, ya ce wa wata mai fura ta dama masa.

Fulanin da ke wurin sun gane abin da aka yi. Wani dattijo ya sunkuyar da kai. Wani saurayi ya yi dariya ya ce, "Gudau, ka tsira!" Wasu suka taya shi. Wani Bahaushe mai sayar da goro, da bai san dawan garin ba, ya ce, "Kai, mutumin kirki! Allah ya yi maka albarka." Adda ta gyara ɗaurin kallabinta tana duban kowa ɗaya bayan ɗaya. Hamma ya sha furarsa. Ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya ce a ƙara.

Amma Daudu bai sauke hannu ba.

Arɗo Lauwali ya matsa kusa da shi ya ce, "Sauke, ɗana. An gama." Bai sauke ba. Inuwar ɗorawa ta janye, rana ta taso ta tsaya a kansa. Gumi ya riƙa bin haƙarƙarinsa. Tari ya taso masa, ya yi shi a tsaye, jikinsa na girgiza, hannuwa a sama, madubi bai faɗi ba. Wasu 'yan kallo suka gaji suka koma rumfunansu. Dariyar samari ta ragu, ta ƙare.

Can sai ya buɗe baki. Da Fillanci ya fara, amma harshen ya yi tsatsa, kalmomin Ikko suna faɗowa a ciki, har wata mata ta rufe baki tana dariya. Ya tsaya, ya haɗiye yawu, ya sake farawa. A karo na biyu maganar ta kama hanya.

Kirari yake yi, kuma ba nasa ba, na Hamma ne. Shi ya ƙaga masa shi tun suna samari, shekarar da su biyar suka kora shanu arewa, suka wuce Babura suka shiga ƙasar da Faransawa ke mulki. Ya faɗi yadda kura ta ɗauki maraƙi da rana tsaka, Hamma ya bi ta da igiya kaɗai a hannu ya dawo da maraƙin a kafaɗa. Ya faɗi rijiyar da suka haƙa da ƙwarya. Ya kira shanun Hamma na wancan lokaci da sunayensu, Wule da Saye da sauransu, ɗaya bayan ɗaya, kowace da uwarta, yadda ake kiransu in za a tashi.

Hamma ya ajiye ludayi. Shanun nan duk sun mutu, na ƙarshensu a shekarar fari. Cikin su biyar da suka yi tafiyar, sauran ukun duk sun rasu. 'Ya'yansa ba su san sunayen ba, matarsa ba ta taɓa jin kirarin ba. Shi kansa ya manta da Saye tana da 'ya mai karyayyen ƙaho, sai yanzu da ya ji. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san shi yana da ido biyu yana gudu a bayan kura, shi ne wannan da ya tsiyaye masa idon.

Bai ji ya yafe ba. Haushi ma ya ƙara ji, don ya so a ce wani ne ya riƙe masa waɗannan sunaye, ba Daudu ba.

Daudu ya kai ƙarshen kirarin, muryarsa ta dushe. Bai juyo ba, yana duban madubi ya ce, "Muhammadu, ban zo neman tausayinka ba. Na gudu don na ji tsoro, kowa ya sani. Abin da ke hannunka nawa ne. Ba ni."

"Kada ka tashi," in ji Adda daga inda take. "Bar shi ya bushe a nan."

Hamma ya zauna har tsawon lokacin da mutum zai yi alwala. Sannan ya ɗauki tsumagiya ya shiga fili. Ya tsaya gaban Daudu, ya yi masa magana da Fillanci.

"Ɗaga madubin sosai. Hannunka ya sauko."

Daudu ya ɗaga. Makaɗa suka ɗauka.

Bulala ta farko, Hamma ya ja da baya taku biyu ya zo da ita da dukan ƙarfinsa. Ƙararta ta kai har rumfunan kasuwa. Fata ta tsage daga hammata zuwa ciki. Sassautawa zagi ne a fili irin wannan, kuma ko ba zagi ba ne, bai yi niyyar sassautawa ba. Daudu bai motsa ba. Ta biyu ta sauka ƙasa da ta farko da faɗin yatsa biyu. Daudu ya ƙara kafa ƙafa. Ya buɗe haƙora yana yi wa madubi murmushi, jini a leɓensa.

Saura ɗaya. Hamma ya zagayo ta hagun Daudu. Ya ɗaga tsumagiya a hankali ya ɗora bakinta a kan girarsa, daidai inda nasa tabon ya fara. Kiɗa ya mutu da kansa. Arɗo ya ɗaga sanda zai yi magana, ya fasa.

"Nan ne!" in ji Adda. "Nan ne wurin!"

Daudu bai rufe idon ba. Yana ganin bakin tsumagiyar a cikin madubi, bai kau da kai ba. Sama'ilu ne ya rufe nasa.

Ya ji ƙarar, ya ji wani abu ya karye. Da ya buɗe ido sai ya ga layi uku a jere a haƙarƙarin Daudu, na ukun a ƙarƙashin biyun, fuskarsa kuma ba abin da ya taɓa ta. Tsumagiyar ce ta karye, rabi a hannun Hamma, rabi a ƙasa.

Arɗo Lauwali ya shiga fili ya kama hannuwan Daudu ya sauke su da kansa. Ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya.

"Daudu ɗan Sambo ya tsaya!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Sai a lokacin Daudu ya zauna a ƙasa, tari ya turnuƙe shi. Wani ƙaninsa, wanda tun dawowarsa bai yi masa magana ba, ya kawo ruwa a ƙwarya ya ce, "Sha, Daudu." Da ya sha, ƙanin ya kafa baki a ƙwaryar ya shanye sauran.

Hamma ya tsaya a kansa, guntun tsumagiya a hannu.

"Shaɗi ya ƙare," ya ce. "Maganar ido kuwa ban yafe ba. Sai gaban Allah."

"Ban roƙa ba," in ji Daudu.

"Kuma 'yar Saye ba ƙahon dama ne ya karye ba. Na hagu ne."

"Na dama ne."

"Ƙarya kake yi."

"Ni na ɗaure mata shi, Muhammadu."

Hamma ya yi tsaki ya jefar da guntun ya fita. Adda ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce shi ba ta ko dube shi ba, kuma sai da ta yi mako biyu ba ta dama masa fura ba.

A hanyar komawa suka sake sauka a rafin nan. Sama'ilu ya riƙe kan babur, Hamma yana turawa daga baya. Sun kai tsakiyar ruwa kafin ƙanin ya sami ƙarfin tambaya.

"Hamma, tausayinsa ka ji?"

"Kada ka sa ni cikin littafinka, Malam. Ta farko daɗinta na ji, har cikin ƙashina. Shekara goma sha shida nake jiranta. Ta biyu ma na ji daɗi."

"Ta uku fa?"

Hamma ya daina turawa. Ya buɗe tafin hannunsa, inda tsumagiyar ta yi masa ja, ya juyo da kansa ya dube shi da ido mai gani.

"Ta uku tasa ce," ya ce. "Ja mu tafi, yashi na cin taya."